Karo-karon bayan masifa ya ishe mu: ta ina ƙungiyar unguwa za ta fara?

Ɗan_Bakin_Binuwai
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa yi da hannunsu.

Ni a Garwa ta Kamaru nake, a ɗaya daga unguwannin gangare da ke kusa da kogi. Daminar da ta wuce katanga huɗu suka faɗi a layinmu kaɗai, ɗaya har da ɗakin kwana, Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba. A cikin watan ne kuma naƙuda ta kama matar maƙwabcina da tsakar dare. Mota ba ta iya shigowa saboda taɓo, a kan babur aka fitar da ita ana rirriƙe da ita. Da aka isa aka ce sai an yi mata aiki, mijin kuwa ba shi da ko dala. Muka bi gida-gida muna ƙwanƙwasa ƙofa har kiran asalatu kafin kuɗin su cika.

Mutanenmu ba marowata ba ne, kowa ya ba da abin da ke aljihunsa. Abin da ke damuna shi ne kullum haka muke, sai ranar tafiya muke fafe gora. Ga samari kuma cike da gindin darbejiya daga safe har yamma, da masu takardar makaranta da marasa ita, babu aiki.

Mu wajen gida talatin mun fara maganar kafa ƙungiyar unguwa. Amma tun ba a je ko'ina ba kai ya rabu. Wasu sun ce a fara da magudanar ruwa, wasu sun ce asusun lafiya, samari sun ce in ba maganar aiki ba ce kada a kira su. Dattawa biyu kuma sun ce wannan aikin gwamnati ne, mu daina ɗora wa kanmu. To ta ina ake farawa? Sai an yi rajista? Kuma wa zai riƙe kuɗi?

Mai_Shayin_Tasha
Wa alaikumus salam. Ku fara da magudana. Ruwan da ke kwanciya shi ke kayar da katanga, shi ke kawo sauro, shi ya hana mota shiga ta ɗauki mai naƙuda. Abu ɗaya ne ya haifi ukun.

Inna_Uwar_Adashi
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan tunani. Amma bari in tambaye ka, a cikin gida talatin ɗin nan kun zauna da mata kuwa? Don na tabbata akwai adashi a layinku, wataƙila ma biyu. Abin da kuke nema ku ƙirƙira, matanku sun daɗe suna yin sa.

Mu a nan Marwa shekara tara ke nan muna yi. Ban da zubin adashi, kowace mace tana ajiye sefa 200 duk Juma'a a wani akwati daban, mun sa masa suna akwatin ciwo. Kwaɗo uku ne a jikinsa, makullan suna hannun mata uku da ba gida ɗaya suke ba, akwatin kansa kuma yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗewa sai a gaban mutane, sai fa in dare ne da larura, to nan ma mutum uku za su taru. Kuɗin haihuwa, zazzaɓin yaro, kuɗin babur zuwa asibiti, daga nan ake ɗauka, in mutum ya samu sauƙi ya mayar a hankali. Ba mu da takarda ko ɗaya daga hukuma, amma babu matar da ta sake haihuwa a gida saboda rashin kuɗin mota tun da muka fara.

Tsohon_Malamin_Lakwal
Hajiya ta yi gaskiya a kan mata. Amma maganar takarda ina so in gyara kaɗan, don abin da Ɗan_Bakin_Binuwai ke nufi ya fi akwati girma.

Dokar ƙungiyoyi a Kamaru ta ranar 19 ga Disamba 1990 ce. Ba izini ake roƙo ba, sanarwa ake kaiwa ofishin ferefe, wato babban jami'in mulki na yankin da ƙungiyar take. Za ku rubuta sunan ƙungiya, manufarta, mazauninta, sunayen shugabanni da sana'arsu da inda suke zaune, ku haɗa da kofi biyu na tsarin mulkin ƙungiyar. Sai a ba ku takardar shaida, wadda ake ce wa resefise. Dokar ta ce in wata biyu ya wuce ferefe bai ce komai ba, an ɗauka an amince. Da wannan takarda ne za ku iya buɗe asusun ajiya da sunan ƙungiya, ku rubuta wasiƙa a karɓa a buga mata hatimi.

In kuma sana'a za ku yi tare don samun riba, to wannan GIC ne, wato ƙungiyar masu sana'a tare, ko kofaratif, dokarsa daban, a GIC mutum biyar sun isa, kuma a ɓangaren ma'aikatar noma ake rajistarsa. Kada ku cakuɗa biyun. Na ga ƙungiyoyi sun watse saboda kuɗin taimako da kuɗin kasuwanci sun haɗu a jaka ɗaya.

Abu na ƙarshe: in za ku yi taro a fili, kamar a dandali, ku sanar da su-ferefe, wato jami'in mulkin da ke ƙasa da ferefe, aƙalla kwana uku kafin ranar, a kan titi kuwa sai da izini na musamman. A zauren gida kuwa tsakaninku ne.

Gaskiya_Ɗaci
Ni dai ba zan ɓoye muku ba, na daina shiga irin wannan. Mun yi a unguwarmu, da resefise da hatimi da komai. Shekara biyu muna zubawa don a haƙa rijiyar burtsatse. Ranar da aka ce a kawo kuɗi, ma'aji ya ce ya ranta wa shugaba, shugaba ya ce ya sa a kasuwar albasa don kuɗin su haihu, albasa ta ruɓe. Duk 'yan'uwan juna ne, wa zai kai wa ƙara? Har yau akwai gidajen da ba sa gaisawa. Da ba mu yi ƙungiyar ba da zumuncinmu yana nan. Ina jin ciwon abin har yanzu, don mahaifiyata da kuɗin ƙosanta ta zuba.

Inna_Uwar_Adashi
Allah ya mayar wa mahaifiyarka da alheri, ɗana. Shi ya sa na ce kwaɗo uku. Kuma duk wata sai a zazzage kuɗin a kan tabarma a ƙirga kowa yana gani. Wanda ya ce ƙirga kuɗi a gabansa rashin yarda ne, to shi ne bai kamata ya riƙe ba.

Ma'aikaciyar_Jinya_Marwa
Ina karanta labarin maƙwabciyarku zuciyata tana ƙuna, don abin da kuka sha wahalar haɗawa a daren nan akwai hanyar da za a kauce masa tun da wuri. Chèque Santé fa? Tun 2015 yake aiki a jihohin nan uku, Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa. Mai ciki ta saya sefa 6,000, ya ɗauke mata awon ciki, hoton ciki, haihuwa, har tiyata in ta kama, da kulawar uwa da jariri zuwa kwana 42 bayan haihuwa. Sharaɗin shi ne a cibiyar da ke cikin shirin, kuma gara a saya tun cikin yana ƙarami. Da aka ƙaddamar da shirin CSU, wato shirin gwamnati na kula da lafiyar kowa, a Afrilun 2023 an shigar da shi ciki.

Kullum ina ganin mata suna zuwa a makare, ba su saya ba, ko don miji bai sani ba, ko don 6,000 ɗin ba ta samu a lokaci ɗaya ba. Wannan aiki ne da ƙungiya za ta iya tun makon farko: a san masu ciki a layi, a tabbatar kowace ta saya, wadda ba ta da hali asusu ya biya mata. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara 5, a ƙa'ida kyauta ne a asibitin gwamnati. Da kuma ƙwayoyin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, uwaye da yawa suna ba da na ranar farko su manta da na kwana biyun da ke biye. Mace ɗaya mai tunatarwa a kowane layi ta isa.

Ku kuma rubuta sunayen samarin da za su iya ba da jini, da rukunin jininsu. Sau da yawa kuɗi na hannu, jini ne babu.

Baban_Yara_Shida
Malama, kyautar nan a takarda take. Na kai yarona da zazzaɓi wata cibiya, aka ce maganin kyauta ya ƙare, aka rubuto mini takarda in je in saya a waje. Na biya kati, na biya gwaji. Ina kyautar?

Ma'aikaciyar_Jinya_Marwa
Baba, ban musa ba, yana faruwa, wani lokaci da gaske maganin ya yanke, wani lokaci kuma akwai abin da ba daidai ba. To amma ka san kowace cibiyar lafiya tana da kwamitin jama'a da ake kira COSA, kuma daga cikinsa ake fitar da masu sa ido kan kuɗi da kantin magani? Kujerun nan na mutanen unguwa ne. A wurare da yawa an bar su ga mutum biyu uku da ba wanda ya san ranar da aka zaɓe su. In kai kaɗai ka yi ƙorafi a bakin taga, za a ce ka yi haƙuri. In wakilin gida talatin ya zauna a taron COSA da littafi a hannu, ya ce ranar kaza yaro kaza an karɓi kaza, maganar takan canza.

Ɗan_Kalando
Ku yi haƙuri manya, ni ina cikin samarin gindin bishiyar da ake magana. Duk wanda ya yi rubutu a nan ya ba mu aiki: mu haƙa magudana, mu ba da jini, mu ɗauki mai naƙuda. Babu wanda ya ce ga abin da za mu ci. Ni ina da BEPC, takardar ƙaramar sakandare, babur ɗin da nake ja ba nawa ba ne, kullum sai na kai wa mai shi kuɗinsa ko na samu ko ban samu ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga can, ya yi tsada, abin da ke saura mini da yamma bai kai na da ba. Sodecoton, kamfanin auduga, ba za ta ɗauke mu duka ba, aikin ma na lokaci ne ga mafi yawa. In na bar babur na yini guda ina haƙa, wa zai biya mai babur? Ba lalaci ba ne. A riƙa kiranmu tun lokacin da ake yanke shawara, ba sai ranar ɗaukar shebur ba.

Mai_Shayin_Tasha
Wannan yaro ya faɗi gaskiya. Gayya ma ai da abinci ake yin ta.

Magini_Ngaundere
Ɗan_Kalando, ƙanina, zo mu yi lissafi, don maganar gida da maganar aiki a wurina abu ɗaya ne.

Shekara ashirin da wani abu ina gini. Katangar ƙasa ba daga sama take mutuwa ba, daga ƙafa take mutuwa. Ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu, ƙasar ta jiƙa ta yi laushi, nauyin sama ya danne ta, sai ta zauna. Mutane suna ganin sai sun rushe sun yi bulo gaba ɗaya, kuɗin ya gagare su, sai su bar ta haka. Alhali in aka yi wa gindin dutse da siminti zuwa gwiwa, aka yi mata hula a sama ko aka sa kwano ya zarce bango sosai, aka gyara indararo ya zuba nesa, aka yi wa tsakar gida gangare ruwa ya fita, katangar ƙasa za ta yi shekaru masu yawa. Ɗakin ƙasa ma ya fi sanyi a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, kowa ya sani.

Wannan aiki ba ya son injiniya. Magini ɗaya da samari biyar za su yi gida guda cikin kwana biyu zuwa uku. In ƙungiya ta sayi siminti a dunƙule, mai gida ya biya a hankali, samarin a biya su ladan yini, kafin damina biyu kun gyara layin kuma kun fitar da magina biyar. Ni haka na koya, a bayan wani dattijo ina miƙa masa kwaɓi. Sai dai a fara da gidan gwauruwa da na tsofaffi, kada a fara da gidan shugaban ƙungiya.

Magudana kuwa ku yi hattara. In kuka haƙa ba ku duba inda ruwan zai ƙare ba, kun kwashe shi ne daga ƙofarku kun kai ƙofar na ƙasa da ku. Na ga an yi faɗa da sanduna a kan haka.

'Yar_Haya
Ina da tambaya. Duk maganar masu gida ake yi. Mu da muke haya fa? A gidan da nake ɗaki bakwai ne, iyali bakwai, masai ɗaya. Mai gidan yana wani gari, yaronsa ke zuwa karɓar kuɗi. Rufin ɗakina yana zuba shekara biyu, na gyara da kuɗina, da wata ya ƙare ko dala ba a rage mini ba. Yanzu in na zuba kuɗi aka gyara layi, mota ta fara shigowa, abin da zai biyo baya ƙarin kuɗin haya ne. Kenan na biya kuɗin korar kaina. Kuma a taron, gida ɗaya murya ɗaya za a ce, to muryar ta mai gida ce ko tamu?

Tsohon_Malamin_Lakwal
'Yata, tambayarki ta fi duk abin da na rubuta nauyi. A ganina a ƙirga da tukunya, kada a ƙirga da ƙofar gida. Duk iyalin da ke ɗora tukunyarsa murya ɗaya ne. Kuma ƙungiya tana iya zama da masu gidajen haya a gaban jauro, wato mai unguwa, a rubuta cewa gyaran da ɗan haya ya yi da sanin mai gida za a cire daga kuɗin wata. Ba doka ba ce, yarjejeniya ce, amma abin da aka yi a gaban jauro da shaidu yana da nauyi a unguwa.

Alhaji_Mai_Goro
Ni mai gidan haya ne, kuma ba zan ji haushi ba. Amma a san cewa mu ma muna da namu. Akwai wanda ya yi wata takwas bai biya ni ba, ban kore shi ba saboda yaransa. In za a zauna a zauna da kowa, kada a mai da mu abokan gaba tun kafin a fara.

Ɗan_Kusiri
Ina gaishe ku daga bakin Logon. Ku na Garwa kuna maganar ruwan sama, mu namu ruwan kogi ne, kuma yakan zo ne bayan damina ta ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da Logon da Shari suka cika suka haɗu. A 2022 mun gani, a 2024 ma mun gani, har Yagwa da Maga abin ya fi namu muni. Abin da na koya shi ne, unguwar da ta riga ta san kanta ita ke tsira da kayanta. Mu mun raba samari rukuni-rukuni, kowane rukuni da yankin da yake tsaro a kan tudun buhunan ƙasa, dare da rana, da fitila da usur. Mata suna dafa abinci a wuri ɗaya. 'Yan kasuwa suka kawo buhuna. Inda aka bari sai ruwa ya zo ana neman wa zai kawo shebur, kafin a haɗu ya shiga ɗaki.

Ku ma kada ku manta da madatsar ruwa ta Lagdo a samanku. Kun tuna 2012 da aka saki ruwa. Ko ba komai ku samu mutum biyu da aikinsu shi ne sauraron sanarwa da sanar da layi, ku kuma san makarantar da za a kai tsofaffi da yara in ta ɓaci.

Bako_Daga_Walia
Daga tsallaken gadar Ngeli nake, Njamena. Abin da Ɗan_Kusiri ya faɗa haka yake. A Oktoban 2022 mun kwashe iyali a kwalekwale, mun yi makonni a tanti. Abin da zan ƙara: lokacin rabon taimako, waɗanda suka zo da jerin sunayensu a rubuce, gida kaza mutum kaza, su aka fara saurara. Mu da ba mu da jeri wasu suka rubuta sunayen da ba na unguwar ba. Ku yi ƙidayar kanku tun ana zaman lafiya.

Gaskiya_Ɗaci
To ga shi kun dawo kan maganar dattawan nan biyu. Tare kogi aikin buhu ne? Muna biyan haraji a kasuwa, muna biyan na babur. In muka yi magudana, muka sayi magani, muka samar wa yara aiki, su kuma me ya rage musu? Muna sauke musu nauyi ne kawai.

Ɗaliba_A_Dang
Yaya Gaskiya_Ɗaci, a nan ina tare da kai rabi. Akwai abin da unguwa ba za ta iya ba, babbar kwalbati da titi da ruwan famfo na komin ne, wato ƙaramar hukuma, da gwamnati. Amma wa zai matsa musu in ba a haɗe ake ba? Dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta ambaci kwamitocin unguwa da na ƙauye a matsayin masu hannu a ayyukan ci gaba, ta kuma ba duk mazaunin komin damar neman ganin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa, in zai biya kuɗin kofi. Garwa komin uku ce, ga kuma magajin babban birni a sama. Ku san wace ce taku, ku san kansilan da ya fito daga ɓangarenku, ku kai buƙatarku a rubuce kafin a zauna kan kasafin shekara mai zuwa, ba bayan an gama ba.

Kuma in aikin ya zo, ku nemi a yi shi da tsarin HIMO, wato a ɗauki hannun mutanen wurin a biya su maimakon a kawo inji da ma'aikata daga nesa. An yi irinsa a garuruwa da dama na Arewa Mai Nisa. Nan ne maganar Ɗan_Kalando za ta samu amsa ta gaske. FNE, hukumar samar da aikin yi, ma tana nan don masu neman aiki da koyon sana'a, in ƙungiya ta tara sunayen samari ta raka su ya fi kowa ya je shi kaɗai ya dawo.

Dattijon_Lopere
Ku yi hankali da 'yan siyasa. Da zarar sun ga kun tara mutane za su zo da buhun shinkafa da atamfa. Ranar da shugabanku ya hau mota ɗaya da ɗan takara, rabin ƙungiya ya tafi. Ku rubuta tun farko: mai riƙe da muƙami a ƙungiya in zai yi kamfe ya ajiye muƙamin. Kuma ku fara gaida jauro kafin komai. Ba don shi zai yi aikin ba, don in ya ji a bakin wani zai ɗauka kujerarsa ake nema.

Maƙwabcinku_Kirista
Ina jin Hausa don a cikinku na girma, ni Mundang ne. Abu ɗaya nake roƙo. A unguwarmu an kafa irin wannan, amma duk shawara bayan sallar isha'i ake yanke ta a ƙofar masallaci, mu sai dai a aiko mana da adadin da za mu biya. Ruwa bai san gidan Musulmi da na Kirista ba. A sa taro a wurin da kowa zai iya zama, a lokacin da ba na Juma'a ba kuma ba safiyar Lahadi ba. A yi magana da Fulatanci in shi kowa ke ji, a fassara wa wanda bai ji ba.

Ɗan_Bakin_Binuwai
Ɗan'uwa, ka taɓa inda yake mana ciwo, don mu ma a ƙofar masallaci muka fara, kuma gida shida a layinmu Kiristoci ne, suna cikin waɗanda suka fi ba da kuɗi a daren da na faɗa. Za mu gyara.

Baban_Yara_Shida
Wata tambaya ga malamai. In asusu ya ba mutum rance ya dawo da ƙari don asusun ya girma, ya halatta? A wata ƙungiya haka suke yi, shi ya hana ni shiga.

Almajirin_Zaure
Rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, ko da asusun na jama'a ne. A bar rance ya zama rance, abin da ka karɓa shi za ka mayar. In ana so asusu ya girma akwai hanyoyi: zubin wata-wata, sadaka, ko ƙungiya ta sayi kujeru da rumfa da manyan tukwane tana ba da haya a biki da suna. Allah ne mafi sani.

Mai_Awon_Fili
Kafin ku zuba siminti da yawa, ku duba takardun filayenku. Takardar da jauro ko lawan ya sa wa hannu shaida ce ta ciniki a tsakaninku, amma a dokar filaye ta 1974 titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, ne kaɗai cikakkiyar shaidar mallaka. Wanda iyalinsa ke zaune ko suke noma wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974 yana iya neman rajista kai tsaye, ta ofishin su-ferefe, kwamiti ya zo ya duba a kafa duwatsun iyaka. Wanda ya zo bayan haka hanyarsa daban ce kuma ta fi tsawo. In maƙwabta suka haɗu suka nema lokaci ɗaya, kuɗin zirga-zirga yana raguwa, rigimar iyaka kuma a kashe ta a zaure kafin kwamiti ya iso. Sai dai in faɗi mai ɗaci: in wurin yana cikin inda aka ayyana hanyar ruwa ce, samun takarda zai yi wuya ƙwarai, gara ku sani tun yanzu.

Ɗan_Bakin_Binuwai
Jama'a na gode, Allah ya saka. Jiya Asabar da la'asar mun zauna a filin makarantar firamare, da izinin darakta, jauro ya turo wakili. Mutum arba'in da ɗaya suka zo, mata sun fi yawa. Ashe kamar yadda Inna ta faɗa, adashi biyu ne a layin, ɗaya ma yana da ɗan abin da suke ajiyewa don haihuwa, mu maza ba mu sani ba.

Abin da aka amince: za a ƙirga da tukunya, 'yan haya suna da murya. Mata uku za su zagaya su san masu ciki, an samu biyar tun a wurin, biyu ba su sayi Chèque Santé ba, an haɗa 12,000 nan take. Samari sun ce za su kwashe sharar da ta toshe tsohuwar magudana in za a biya su ladan yini, an yarda, amma ba a daidaita nawa ba.

Abin da ya gagara: kuɗi. Maza suna so a yi asusu ɗaya, mata sun ce akwatinsu ba zai shiga hannun maza ba. Rajista ma an rabu, wasu suna tsoron in an yi takarda haraji zai biyo baya. Ɗaya daga dattawan nan biyu ya zo ya zauna har ƙarshe bai ce uffan ba, ɗayan bai zo ba.

Inna_Uwar_Adashi
Ku bar musu akwatinsu. Ku yi naku na gini da magudana, ku nuna shekara guda kuna ƙirgawa a kan tabarma, sannan ku sake tambayarsu.

Gaskiya_Ɗaci
Ni har yanzu ina da shakka, na ga farko mai kyau irin wannan. Amma in kun kai wata shida littafinku yana daidai, ka dawo nan ka faɗa mana, zan so in ji. Kuma kada ma'aji da shugaba su fito daga gida ɗaya, ko da surukai ne.

Ɗan_Kalando
Ladan yinin nan kada ya gaza abin da mutum zai kai wa mai babur, in ba haka ba masu babur ba za su fito ba, sai marasa komai. Kuma sharar da aka kwashe ina za a kai ta? In an tara a bakin layi ruwan farko zai mayar da ita inda take.

Magini_Ngaundere
Tambayar da nake shirin yi ke nan. Ɗan_Bakin_Binuwai, kafin kowa ya sa shebur, ku bi magudanar da ƙafa tun daga kanta har inda take zubewa, ku tafi da mutum biyu daga layin da ke ƙasa da ku. Ka ɗauko hoton gindin katangun da suka fi jiƙa ka turo mini, da na wurin da ruwan ke taruwa, in gaya maka wanne za a fara.